Za a Yi Mini Aikin Mahaifa, Yayan Maigidana Ya Ce Allurar Sinawa Ta Wadatar

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 37, 'ya'yana biyu, a Kano nake aure. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da zubar jini mai yawa duk lokacin al'ada, har in na miƙe sai jiri ya ɗebe ni. Da aka yi sikanin aka ce ƙari ne a mahaifa, faibroid, guda uku, babban ya kai lemon zaƙi. Likita ya ce sai an yi aiki an cire, ya sa rana wata mai kamawa.

Anti, ni ba wuƙar nake tsoro ba, allurar barcin nake tsoro. Ƙanwar mahaifiyata haka aka shiga da ita tiyata, ba ta farka ba. Ni ma da aka yi mini aiki a haihuwar autana, kwana biyu na yi ina sheƙa amai kamar ɗinkin zai ɓalle. Yayan maigidana yana zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro kaya. Ya ce a can ana yi wa mutum aiki idonsa biyu, sirara-siraran allurai kawai ake tsittsira masa, ba barci ba amai. Ya haɗa ni da wani mai irin wannan allurar a nan cikin gari, mutumin ya ce in asibiti sun yarda zai shiga da ni ɗakin tiyata. Yaya Alhajin ya kuma kawo mini wasu ƙwayoyin ganye wai suna narkar da ƙarin, yau sati uku ina sha, likitana bai sani ba. Maigida ya ce zaɓi nawa ne, amma na san ba ya son saɓa wa yayansa, shi ne ma zai biya rabin kuɗin aikin. Don Allah ya zan yi?

Mai neman mafita, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya kuma jiƙan innarki.

Maganar allura ta ɗan jira tukuna, don ƙwayoyin nan sun fi tayar mini da hankali. Ki daina sha daga yau. Ki ɗauki kwalbar da kwalinta, ko da rubutun Sinanci ne zalla a jiki, ki kai wa likitanki cikin satin nan. Da yawa daga cikin tsirran da ake haɗa irin waɗannan magunguna da su, kamar ginseng da ginkgo da danshen da dong quai, suna iya hana jini saurin daskarewa, har ma da tafarnuwar da ake sayarwa a kafso. Shi ya sa likitocin barci suke cewa a ajiye duk wani maganin ganye kamar sati biyu kafin tiyata. Aikin cire faibroid kuwa yana cikin ayyukan da suka fi cin jini, domin mahaifa gida ce ta jijiyoyin jini, ke kuma ga shi tun yanzu jininki ya yi ƙasa har kina ganin jiri. Babu wani ganye da bincike ya tabbatar yana narkar da faibroid. Ƙarin yakan motse da kansa bayan mace ta daina al'ada, ke kuma da sauranki. Sannan abin da aka rubuta a kwalba ba lallai shi ne a ciki ba. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba a Brussels ta ƙasar Beljiyam, an ba mata wani haɗi da aka yi kuskuren sa wata saiwa mai guba a ciki maimakon wadda aka nufa, sama da mata 100 ƙodarsu ta lalace. Ba na cewa naki irinsa ne. Amma ko Yaya Alhajin da ya sayo ba zai iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba. Kada ki ji kunyar gaya wa likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ke ce ta farko da ta zo masa da kwalba a jaka ba.

To, mu koma kan zancen Yaya Alhaji. Ba ƙirƙira ya yi ba, labarin yana da asali, sai dai tsohon labari ne kuma rabinsa ya ji. A 1958 likitoci a Shanghai suka cire wa wani mara lafiya 'yan wuya da taimakon allurar akufanca, wato wannan allurar Sinawa, ita kaɗai, daga nan abin ya bazu. A zamanin juyin al'adu na shugaban Sin Mao, daga 1966 zuwa 1976, ya zama abin alfaharin ƙasa, baƙi da yawa da suka je akan kai su ɗakin tiyata su ga mara lafiya a kwance ana aiki yana magana. Abin da ba a cika gaya wa baƙin ba shi ne, zaɓen marasa lafiyar ake yi, a ɗauki masu juriya, a yi kwanaki ana shirya su, kuma da yawansu ana ba su maganin kwantar da hankali ko na kashe zafi ta jijiya, ko a yi musu allurar kashe fata a wurin da za a yanka. Likitocin Sin da kansu sun lissafa matsaloli uku da suka kasa shawo kansu: zafin ba ya mutuwa duka, naman ciki ba ya saki, kuma da zarar an taɓa ko an ja kayan ciki sai mara lafiya ya ji azaba da tashin zuciya. Ki duba ukun nan da kyau, domin aikinki duk ya haɗa su. Za a buɗe mara, a buɗa naman ciki, a ɗago mahaifa, a yanka ta, a ɓanɓare ƙari uku, a ɗinke gurabensu ɗaya bayan ɗaya. Likita ba zai iya wannan ba in cikinki ya ƙame kina murƙususu. Bayan Mao ya rasu, cikin shekarun 1980, asibitocin Sin suka yi ta janye jiki daga aiki da allura zalla. Yau in mace ta je babban asibiti a Guangzhou cire faibroid, irin maganin barcin da za a ba ki a Kano shi za a ba ta. Inda suke amfani da allurar, haɗawa suke yi da maganin, don a rage yawansa ko a sauƙaƙa farfaɗowa.

Ko labarin da ya sa Turawa suka rungumi abin, haka yake. A watan Yulin 1971 wani ɗan jaridar New York Times, James Reston, afendis ya kama shi a Beijing aka yi masa aiki. Har gobe ana yaɗa cewa da allura aka yi masa. Shi kuwa abin da ya rubuta da hannunsa shi ne, da maganin kashe zafi na asibiti aka yanka shi, sai daga baya da ciki ya kumbura yana damunsa, aka zo aka tsira masa allurai a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyi, ya ji sauƙi. Allurar bayan aiki ta zo.

Saboda haka amsar batun yi miki aiki da allura zalla a'a ce, ba kwana-kwana. Kada ki yarda kowa ya yanka ki da allurar Sinawa kaɗai. Mutumin da ya ce zai iya tsaya miki a ɗakin tiyata, wannan maganar tasa ita ce dalilin da zai sa ki yi taka-tsantsan da shi, domin wanda ya yi karatun abin da gaske ya san iyakarsa.

Amma kuma ba zan ce miki allurar aikin banza ce ba, don akwai wuri guda da take da hujja mai ɗan ƙarfi, kuma wurin ya faɗo daidai kan damuwarki: amai bayan tiyata.

Aman da kika yi a haihuwar autanki ba rashin sa'a ba ne kawai. Wani likitan barci Bajamushe, Christian Apfel, ya fitar da ma'auni a 1999 da har yanzu ake aiki da shi. Abu huɗu ne: kasancewa mace, rashin shan taba, taɓa yin amai bayan tiyata ko yawan amai a mota, da karɓar magungunan kashe zafi masu ƙarfi dangin mofin bayan aiki. Wanda ba shi da ko ɗaya, haɗarinsa kusan kashi 10 ne cikin 100. Mai uku yana kusan 60, mai huɗun duka kusan 80. Ke kina da uku tun kafin ki shiga, na huɗun kuma yana jiranki a ɗakin farfaɗowa, ga shi aikin mata shi ma yana ƙara nasa. Duk wanda ya taɓa jinyar mai aikin ciki ya san yadda abin yake: mace tana kwance ba ta iya tashi zaune, ta danne mara da filo da hannu biyu, mai jinya ta tara mata roba a gefen baki, kowane yunƙuri sai ta ji kamar zaren zai tsinke, ba kuma abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. Wasu matan sun fi tuna wannan fiye da zafin yankan kansa. Kina da gaskiya da kike gudunsa.

Akwai wani gurbi a wuyan hannu da Sinawa ke kira Neiguan, a littattafan likitoci kuma PC6. Ki buɗe tafin hannunki na hagu sama. Ki jera yatsu uku na hannun dama a kwance, daga layin da ya raba tafi da wuyan hannu zuwa wajen gwiwar hannu. Inda yatsa na uku ya ƙare, a tsakiya, in kika dunƙule hannun za ki ji jijiyoyi biyu sun taso kamar igiya. Tsakaninsu ne. A 1986 wani farfesan aikin barci a Belfast, John Dundee, ya gwada tsira allura a nan ga matan da aka yi wa ƙananan ayyukan mahaifa, ya ga amai ya ragu sosai. Wasu suka yi ta maimaitawa. A 1997 taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira ya amince cewa akwai hujja a kan amai bayan tiyata. A 2015 ƙungiyar Cochrane, masu tace bincike, suka tattara gwaji 59 da aka yi a kan mutum 7,667, suka ce motsa wannan gurbi yana rage tashin zuciya da amai in aka kwatanta da na bogi, kuma bai nuna bambanci da magungunan amai na asibiti ba. Sun dai yi gargaɗin cewa yawancin gwaje-gwajen ba su da inganci yadda ake so. Ni a ganina wannan ya isa a gwada, tunda abu ne mai arha kuma illarsa kaɗan ce.

Abin da zai fi yi miki daɗi, ba dole sai an huda fata ba. A cikin gwaje-gwajen nan har da dannawa da yatsa, da wani awarwaron roba mai ɗan maɓalli a ciki wanda matafiya ke sawa don aman mota ko jirgin ruwa. Ana samunsa a wasu manyan kemis, in ma ba a samu ba, aikin Yaya Alhaji ne ya taho da shi. Ana sa shi kafin a shiga, maɓallin ya zauna daidai kan gurbin. Ki nuna wa likitan barci tun da wuri, saboda a hannun ne za a sa robar ƙarin ruwa, shi zai ce ga hannun da za ki sa, ko ya ce a bari sai an fito. Kuma ba zai maye gurbin magani ba. Mace mai haɗari irin naki, ka'ida ita ce a haɗa mata maganin amai biyu ko fiye tun tana kan gadon tiyata, irin su dexamethasone a farkon aiki da ondansetron a ƙarshe. Ki tambaya da bakinki ko za a ba ki, in saye ake yi a rubuta muku ku sayo.

Batun zafi bayan aiki hujjarsa ba ta kai ta amai ba. Farfesa Han Jisheng na jami'ar Beijing ya shafe shekaru yana nuna cewa allura, musamman wadda ake haɗa wa 'yar wutar lantarki, tana sa jiki ya saki sinadaran kashe zafi nasa na kansa. Wasu gwaje-gwaje sun ga waɗanda aka yi wa sun buƙaci mofin ƙasa da sauran, amma ragin kaɗan ne, kuma yana da wuya a raba aikin allurar da aikin natsuwar da mutum ke samu in ana kula da shi. In kin samu ƙwararre, babu laifi. In ba ki samu ba, ba ki yi asarar da za ki yi kuka a kai ba, farasitamol da diclofenac da sauran abin da za a tsara miki a kan lokaci su ne ginshiƙi.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne ainihin ciwon, wato innarki. Duk zancen Guangzhou ya samu shiga ne saboda wannan tabon. Mu a wajenmu in mutum ya rasu a tiyata sai a ce allurar barci ce ta zarce da shi, alhali sau da yawa jini ne ya ƙare, ko an kai shi a makare, ko zuciya ce dama da matsala. Ki nemi wani babba a gidanku da ya san yadda abin ya faru: wane aiki ne, na gaggawa ne, ta zubar da jini, jikinta ya yi zafi sosai a kan gado, ko numfashi ne ya ƙi dawowa bayan an gama? Ba tone-tone ba ne. Akwai matsaloli biyu da ake gada a dangi, ɗaya jiki ya ɗau zazzaɓi mai tsanani in an shaƙi wasu magungunan barci, ɗayan kuma jiki ya kasa warware wani maganin sakin nama da wuri. Duka biyun ba su da yawa, kuma in likitan barci ya san da labarin yana da wasu magungunan da zai canza da su. Wannan labari na innarki ya fi duk wata allura amfani a wurinsa.

Don haka ki roƙi likitanki ya haɗa ki da wanda zai sa ki barci kafin ranar, ba da safiyar aiki kina kan keken marasa lafiya ba. Haƙƙinki ne. Ki gaya masa aman da kika yi, da wace irin allura aka yi miki a haihuwar autan, da batun innarki, da ƙwayoyin, da ko kina da hawan jini, suga ko asma. Ki tambaye shi ko aikinki zai yiwu da allurar baya, wadda ke kashe daga cibiya zuwa ƙafa kina farke. Ana cire faibroid da ita sosai a asibitocinmu, kuma ga mai tsoron kada ta farka, ita ce abin da ya fi kusa da wanda Yaya Alhaji ya kwatanta. Tana da nata: ƙarfin bugun jini kan sauka ya jawo tashin zuciya, wasu kan yi ciwon kai na 'yan kwanaki. In ƙarin ya yi girma ko aikin zai ja lokaci, yana iya cewa barcin gaba ɗaya ya fi, ki bar masa wannan hukuncin. Ba zan ɓoye miki ba, haɗarin barci ya danganta da wurin da aka yi shi. Inda akwai ƙwararre da kayan aiki, mutuwa saboda maganin barci kaɗai abu ne mai wuyar gaske. Inda mutum ɗaya ne ke yanka yana kuma leƙen numfashi, lissafin daban ne. Ki tambaya ba kunya: wa zai zauna a kaina tun daga farko har ƙarshe, likitan barci ne ko nas mai horon barci? Akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa mai auna iskar jini? Akwai iskar oksijin, akwai janareta? Asibitin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ki sake tunani a kansa.

Shi kuwa mai allurar cikin gari, da wuya wani asibitin kirki ya bar baƙon da ba ma'aikacinsa ba ya shiga ɗakin tiyata, kuma daidai suka yi, ɗaki ne da ko ɗankunne ba a barin ki shiga da shi. In kina so ki je wurinsa don natsuwa kafin aiki ko bayan an sallame ki, sai da sanin likitanki. Ki nemi ganin takardar karatunsa. Allura ta zama sabuwa, a ɓare ta daga leda a gabanki, a jefar bayan an gama, domin ciwon hanta ta nan yake bi kamar yadda yake bi ta askar wanzami in ba a canza ba. Kada ya tsira miki a ciki ko kusa da ɗinki, kada kuma ya nutsa allura a ƙirji ko saman kafaɗa, an sha samun waɗanda aka huda wa huhu ta nan. In an sa ki a kan allurar hana daskarewar jini bayan aiki, ki dakata har a gama. In ya ce ki ɗaga ranar tiyata ya gwada narkar da ƙarin tukuna, ki ɗauki mayafinki.

Akwai maganar da ba ki tambaya ba amma ta fi komai muhimmanci a wannan watan: jininki. Ki je a auna, ki san adadinsa. In ya yi ƙasa za a ba ki maganin ƙarin jini, wani lokaci har da na tsayar da zubar, kuma gara a ɗaga aiki da sati biyu jini ya hau da a shiga da ke a bushe. Za a ce ku tanadi leda biyu ko fiye. Kafin ki sa hannu a takardar amincewa, ki zauna da likita da maigidanki a yi maganar abin da za a yi in jini ya ƙi tsayawa, domin a irin wannan hali, ko da yake ba kasafai ba, cire mahaifar gaba ɗaya ne ke ceton rai. In kina son ƙarin haihuwa ki faɗa a fili tun yanzu, ki kuma tambayi tsawon lokacin da za ki jira kafin ɗaukar ciki, da ko haihuwar gaba sai da aiki.

Saura Yaya Alhaji. Mutumin da ya ɗauko magani tun daga Sin ya kuma ce zai biya rabin kuɗi, ba maƙiyinki ba ne, so yake a ce da shi aka yi. Kada ki yi musu da shi, ba girmanki ba ne, kuma surukuta ba ta son haka. Ki sa maigidanki ya raka ki wurin likitan barci ya ji da kunnensa, don "zaɓi naki ne" da ya ce, sauke kaya ne a kanki, shi ya kamata ya tari yayansa. In ya koma sai ya ce, Yaya, mun kai maganarka wurin likita, ya ce dabarar Sinawa ta wuyan hannu tana da kyau za a yi amfani da ita, ƙwayoyin ne ya ce a dakatar saboda jini, yanzu babban abin da ake nema mutum biyu ko uku masu ba da jini. Alhajin da ke da yaran shago a kasuwa, kafin la'asar zai tara miki su, ya kuma ji daɗin an nemi taimakonsa.

In kafin ranar jini ya ɓalle miki har kina jiƙa ƙunzugu duk awa, ko zuciya na bugawa da sauri, ko numfashi na yi miki wuya daga ɗan tafiya zuwa banɗaki, kada ki jira ranar da aka sa, a kai ki asibiti a daren. Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunki.